Maganin da Matattu Suka Bari

Talata, 7 ga Nuwamba

Yau na sauka kantin magani da takardar matata Saveta kamar kowane wata, na hauro da ita a aljihu, hannu wayam.

Otilia mai kantin ta daɗe tana kallon kwamfuta, irin kallon da ake yi wa saniyar da ta ƙi cin ciyawa. Can ta ce, "Bade Gavrila, wasiƙar likitan zuciya ta ƙare." Bade, haka ake kiran dattijo a kwarin nan. Na ce ban san wasiƙa tana ƙarewa ba, na ɗauka gishiri da gari ne suke ƙarewa. Ba ta yi dariya ba. Ta yi mini bayani dalla-dalla, sai ka ce ni ne jikina ya shanye ba matata ba. Gwamnati tana biya wa masu ƙaramin fansho irinmu kusan duk kuɗin wannan magani, amma sai likitan zuciya na birni ya ga mara lafiya da idonsa ya sabunta wasiƙa. In babu wasiƙa babu rangwame. Da kuɗin burodi uku muke karɓar kwalin wata. Yanzu ya kusa rabin fanshon Saveta.

Watan jiya ne ranarmu ta ganin likita. Ranar kuwa tana kwance da zazzaɓi, ko zama ba ta iyawa, balle a sauko da ita daga kan tudu. Na ce a raina ai likita ba guduwa zai yi ba. Bai gudu ba kuwa. Yana nan daram, sai dai ranar da suka ba mu yanzu 13 ga Fabrairu ce.

Ƙwaya tara suka rage. Biyu take sha kullum, safe da yamma, don kada jini ya sake daskarewa ya hau kai.

Ban faɗa mata ba. Na ce motar kaya ce ba ta zo ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Ranar likitar ƙauye. Na jira tsofaffi goma sha ɗaya, kowa da ledar magungunansa a cinya. Likitar yarinya ce mai kirki. A gabana ta buga waya birni sau uku. Na farko ba a ɗauka ba, na biyu aka ce ta jira, na uku aka ce Fabrairun dai.

Ta ce akwai tsohon magani mai araha wanda ita ma za ta iya rubutawa. Na san shi. Shi ne ya sa Saveta haɓo har ta jiƙa tawul biyu shekara biyu baya, kuma sai an riƙa kai ta birni gwajin jini duk mako. Na ce, "Likita, in da ina iya kai ta birni duk mako, da ba ki gan ni a nan ba." Ta ce, "Na sani, bade." Ta riƙe hannuna. Nata ya fi nawa sanyi. Su ma ba a kawo musu itace ba.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Na sayi kwali ɗaya da kuɗin itacen sanyi.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Saveta ta ce, "Tsoho, ina itacen da ka ce ran Alhamis?" Na ce mai motar ya yi ƙarya. Ta ce, "Mai motar magani ya yi ƙarya, mai motar itace ya yi ƙarya. Kai kaɗai ne mai gaskiya a kwarin nan." Rabin bakinta ne yake aiki, amma rabin ya ishe ni. Na faɗa mata komai. Sai ta ce in ja gadon kusa da murhu, mu rufe ɗakin gaba har bazara.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Bayan coci na je karta gidan Macedon, kamar kowace Lahadi tun gashinmu yana baƙi. Tun ranar da ya riƙe 'yarmu Livia a wurin baftisma muke ce wa juna kumatre, har na kan manta yana da wani suna. Raveka matarsa ta kawo tuwon masara da cuku, ta ce in muka sake zubar mata da toka a kan shimfiɗar tebur za ta jefa katin a murhu. Shekara hamsin tana jefawa.

Na ba shi labari. Ya ce, "Waɗanda suka rubuta dokar nan a Bukarest, na rantse gidajensu ba su kan tudu." Shi ma maganin yake sha, iri ɗaya da na Saveta. Shi an sabunta masa wasiƙa, jiya ma ya karɓo na wata uku. Ya ce, "Ni gwamnati tana sona, kumatre. Kai ne ban san me ka yi mata ba." Ya ci ni sau huɗu. Yana leƙen kati, ya kuma san na sani.

Da yamma Livia ta kira daga Italiya. Tsohuwar da take jinya ta mutu, aiki ya ƙare, tana kwana wurin wata ƙawarta kafin ta sami wata tsohuwar. Ta ce, "Baba, kuna da komai?" Na ce har ya yi yawa.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Na hau bas na je birni da kaina, da ɗaurin takardun Saveta. Taga ta farko ta tura ni ta uku, ta uku ta tura ni sama, a sama aka ce ina mara lafiyar? Na ce tana gida, shi ya sa na zo. Aka ce to, sai ta zo. Kakata tana da tatsuniyar wani da aka ce ba za a buɗe masa ƙofa ba sai ya kawo mabuɗin da yake cikin ɗakin. Muna yara muna ta dariya. Na manta yadda ta ƙare, na kuma yi ta ƙoƙarin tunowa a bas har gida.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Leontin maƙeri ya rasu. Todora matarsa ta aiko, na hau na kaɗa ƙararrawa. Shekara ashirin da shida ke nan ƙararrawar coci tana hannuna, tun da na bar injin yankan katako. Sau uku in namiji ne, sau biyu in mace. Mutane kan tsaya a bakin ƙofa suna ƙirgawa, sa'an nan su fara canka.

Ƙanƙara ta fara sauka.

Litinin, 27 ga Nuwamba

An binne Leontin. A bakin kabari Todora ta miƙo mini rabona ta saman akwatin gawa, kamar yadda ake yi: tawul sabo, burodin kitso, kyandir. Sai ta haɗo da wata leda. Ta ce, "Magungunansa ne, bade Gavrila. Kai kana shiga gidaje, ka san mai buƙata. Don ransa." Na ce, "Allah ya karɓa." Abin da aka bayar don mamaci ba a gode masa. Wannan kalmar kaɗai ake faɗa, in ba a faɗa ba sadakar ba ta isa wurinsa.

Sai da na zo gida na zazzage ledar a tebur. Na tari, na ciwon gaɓoɓi, na barci. A ƙasa kuma kwalin da na sani ko a duhu, fari mai jan layi. Ƙwaya talatin da shida a ciki. Na sa tabarau na karanta sau uku, na kuma ɗora shi a kan namu. Shi ne.

Saveta ta ce, "Na waye?" Na ce na Leontin. Ta yi alamar gicciye da hannun da yake motsi, ta ce, "Ashe dai bai yi fushi da na ƙi shi ba." Ban taɓa jin ya neme ta ba. Shekara hamsin da huɗu da aure, sai yau.

Lahadi, 3 ga Disamba

A harabar coci na tsinci kaina ina tambayar tsofaffi wane magani suke sha. Da dabara nake yi, kamar hira. Yaya zuciya, lele (haka muke kiran tsofaffin mata)? Me likita ya ba ki? Fari ne mai jan layi? Suna jin daɗi, don babu mai tambayarsu. Wata har ta ce in biyo ta gida ta nuna mini.

Mutum huɗu na samu a ƙauyen, ban da Macedon. Ban rubuta sunayensu ba. Ba sai na rubuta ba.

Juma'a, 8 ga Disamba

Otilia ta ce ta ji ina ba Saveta na Leontin. Babu abin da yake ɓuya a kwarin nan. Ta ce, "Ba daidai ba ne, bade. Ba ka san inda aka ajiye shi ba, ko zafi ya taɓa shi." Na ce, "To ba ni na daidai." Ta sunkuyar da kai. Daga baya ta ce in kawo kwalin ta duba kwanan watansa, kuma ita ba ta ga komai ba.

Talata, 12 ga Disamba

Lele Anisia ta rasu. Sau biyu.

Alhamis, 14 ga Disamba

'Ya'yan Anisia ma sun haɗo mini da leda. Labari ya bazu cewa ni ne mai karɓar na matattu. Ban iya haƙuri na kai gida ba, a bayan coci na buɗe. Maganin ido. Na sukari. Man shafa gwiwa, an matse shi har wuya.

Na ji haushi. Gara in rubuta shi yadda yake, ba mai karantawa. Na ji haushin matacciya, matar da ta yi wa Saveta wankan jego, don ba ta yi ciwon da ya dace ba.

Na kai wa Todora man gwiwar.

Lahadi, 17 ga Disamba

Karta. Macedon yana tari, irin mai fitowa daga can ƙasa. Kwalayensa suna jere a taga kusa da tukunyar fure, biyu, ɗaya a buɗe. Ban san idona yana zuwa can ba sai da ya buga tebur. Ya ce, "Kumatre, katin yana hannunka, ba a taga yake ba." Na ce furen nake kallo. Ya ce, "Furen Raveka ne, ba a gadonsa." Sai ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi, ya ce, "Kada ka gyara igiyar ƙararrawa tukuna, ungulu. Ni zan binne ka, in kuma ci burodinka." Raveka ta ce mu biyun ba wanda ƙasa take marmarinsa.

Na yi dariya tare da su. Amma a hanya ina hawa tudu na lura tun da na shiga gidan kunnena yana kan tarin nan, ina auna shi. Na tsaya wurin gicciyen mararraba na cire hula. Sai na mayar da hular.

Laraba, 20 ga Disamba

Na Leontin ya kusa ƙarewa. Daga yau ɗaya kullum, da safe. Da yamma ina ba ta ƙwayar bitamin da Livia ta aiko bara, ita ma fara ce. Ta juya ta a baki ta dube ni. Ta haɗiye.

Fansho ya zo, amma wuta da ruwa da itace rabin mota sun tare shi a ƙofa. Sanyi ma yana kisa, kuma shi ba ya jiran Fabrairu.

Litinin, 25 ga Disamba

Kirsimeti. Masu waƙa ba su hauro ba bana, ƙanƙara ta kai gwiwa. Saveta ta rera da kanta, baiti ɗaya da rabi. Livia ta sami wata tsohuwa, amma sai ƙarshen Janairu za a fara biyanta. Ta yi kuka a waya. Na ce mata uwarta ta yi ƙiba.

Asabar, 30 ga Disamba

Babu wanda ya mutu makon nan.

Na dubi layin da na rubuta a sama. Na bar shi.

Alhamis, 4 ga Janairu

Da safe ina ba ta shayi kofi ya suɓuce daga hannunta mai lafiya. Ta buɗe baki, maganar ta fito kamar ta wanda ya cika baki da tuwo. Ido yana kallona, ya san ni sarai, amma bakin ya ƙi. Na buga wa motar asibiti. Sun zo har gada, hanya ta toshe daga nan, suka ce ko zan iya sauko da ita. Da me? Na fita tsakar gida ina ta kwaɗa wa maƙwabta kira, gidaje uku duk a kulle, duk suna Italiya da Sifen.

Da na koma ciki na tarar tana cewa, "Rufe ƙofa, tsoho, kana ɗumama dutse ne?" Ras, kamar ba ita ba. Rabin awa abin ya yi ya sake ta. Mutumin motar ya ce a waya irin wannan gargaɗi ne, babban yana iya biyowa, kada a yi wasa da magani. Na ce to. Suka juya.

Na mayar da ita biyu kullum. Abin da ya rage zai kai Talata.

Lahadi, 7 ga Janairu

Ban je karta ba. Na sauka na kaɗa na ibada, na hauro.

Na yi tunanin sayar da agogon bango. Na yi tunanin zuwa wurin Fada, sai na tuna rufin cocin ma yoyo yake. Na yi tunanin mutum huɗun nan, duk na gan su yau, garau, ɗaya har da sabuwar hula.

Talata, 9 ga Janairu

Wajen azahar na ji kare yana haushi. Macedon ne, ya hauro tudu cikin ƙanƙarar nan da sanda, gashin bakinsa ya daskare. Ya daɗe a kan benci kafin numfashi ya dawo masa. Ya ce wa Saveta, "Kumatra, an ce kin so tafiya ba sallama." Ta ce, "Na leƙa ne, na ga ba a share wurin ba." Ya ce, "Ki jira mijinki ya riga ki, shi ya iya shara."

Da zai tafi ya ja ni zaure, ya zaro kwali daga cikin rigar sanyi. Cikakke, ba a ɓare ba. Ya ce, "Ran Laraba likita ta canza mini magani. Wai wannan ne yake sa ni tari. An ba ni wani sabo, ɗan ja. Wannan zubarwa zan yi." Na ce wane iri ne sabon? Ya ce, "Ni na san sunansa? Ka ga na yi kama da Otilia? Karɓi, hannuna ya gaji."

Na karɓa. Na fara cewa na gode, ya ce, "Yawwa, gode dai, da raina. Kada ka yi mini ta matattu." Na raka shi har mararraba. Ya ce in zo Lahadi da kuɗi, ya gaji da buga karta a kan ƙwayar wake.

Ran Larabar da yake faɗa hanya a toshe take, likita ba ta zo ƙauye ba. Sai da na dawo gida na tuna. Ko kuwa tun a zaure na tuna. Ban sani ba.

Juma'a, 12 ga Janairu

Saveta ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Ta sa na wanke mata kai. Ni ma na yi barci kamar jariri, ba kunya.

Lahadi, 14 ga Janairu

Karta. Tarin ya tafi. Ya ce, "Ka gani? Ɗan jan nan ne." Taga ba komai sai furen. Raveka tana ta kai da kawo, ba ta yi maganar toka ba. Sau biyu na buɗe baki zan ce ya nuna mini sabon. Na farko ya ce in yi wasa, na biyu ni na fasa.

Na ci shi sau uku. Bai leƙa ba ko sau ɗaya.

Laraba, 17 ga Janairu

Na je wurin likita karɓo takardar maganin hawan jinina. Tambaya ɗaya ce, daƙiƙa biyu: kin canza wa Macedon magani? Na zauna, ta auna ni, ta ce ya hau, ta tambayi Saveta. Na ce da sauƙi. Na tashi na fito.

In ta ce a'a, sai in yi yaya? In mayar masa da kwalin? In hau tudu in ce wa Saveta me?

Lahadi, 28 ga Janairu

Makon jiya na je, yau ban je ba. Na aika cewa gwiwa ce. Saura kwana goma sha shida.

Talata, 30 ga Janairu

Macedon ya faɗi a garke da safe, yana ba doki ciyawa. Raveka ta same shi kwance, bokiti a gefe. Yau hanya a buɗe take, motar asibiti ta zo har ƙofa. Todora ce ta hauro ta faɗa mini. Ta ce ɓarin dama duk ya tafi, ba ya magana.

Saveta ta ji daga gado. Ta ce, "Ba an canza masa magani ba?" Na ce haka ya ce. Ta daɗe tana kallona. Da yamma na kai mata ƙwayar ta kawar da kai. Na tsaya da kofi a hannu har ruwan ya huce. Na ce, "Tsohuwa, in kin ƙi sha, don wa ke nan ya yi?" Ta sha.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Sau uku.

Asabar, 3 ga Fabrairu

An binne shi. Rana ta fito tarwai, ƙanƙara tana ɗaukar ido. Mutane da yawa, har waɗanda ya yi wa jigilar katako da doki tun zamanin da. Fada ya ce mutum ne mai raha. Wani a bayana ya ce, mai leƙen kati kuma. Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Na so in tsaya daga baya, amma mai ƙararrawa yana da wurinsa. Raveka ta miƙo ta saman akwatin: tawul, burodi, kyandir. A cikin tawul ɗin na ji wani abu mai tauri. Na ɗaga gefe. Falle ɗaya, ƙwaya goma, fari.

Ta yi magana a hankali, ba wanda ya ji sai ni. Ta ce, "A aljihun rigar coci ya ɓoye. Ya ce kwalin ba zai kai ta ranar likita ba, saura kwana biyar. Wannan ne cikon. Ran Lahadin da ba ka zo ba ya so ba ka."

Na ce, "Raveka, kin sani?"

Ta ce, "Ni nake wanke masa kofi, kumatre."

Ba ta saki tawul ɗin ba. Ita riƙe da gefe, ni riƙe da gefe, shi a tsakani. Jira take. Duk wanda yake wurin jira yake, don ba a sauke akwati sai an amsa. Ta ce, "Faɗi mana. Kada ka sa ya yi a banza."

Na ce, "Allah ya karɓa."

Ta saki.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Kwalin ya ƙare jiya. Yau na ɓare fallen. Ƙirgensa daidai ne. A karta ma bai taɓa kuskuren ƙirge ba.

Talata, 13 ga Fabrairu

Surukin Todora ya kai mu da motarsa. Mutum uku muka ɗauko Saveta a bargo har inda mota take iya tsayawa. A asibiti muka zauna awa uku a baranda. Likitan ya ɗora mata abin sauraro a ƙirji, ya dubi takardar da injin ya fitar, ya sa hannu, ya buga hatimi. Na duba agogon bango. Minti shida.

Ba mugun mutum ba ne. Ya gaji, akwai wasu talatin a waje. Yana rubutu ya ce, "Ba ta tsallake ba dai ko?" Na ce kaɗan. Sai na ji bakina yana cewa, "Likita, in mutum ya daina sha mako uku, sai abin ya same shi, daina shan ne ya jawo? Ko dama zai same shi?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba wanda zai iya rantsewa, baba. Wasu suna sha ya same su. Amma kada ku gwada." Ya ce a kira na gaba.

A hanyar dawowa muka tsaya wurin Otilia. Ta ba ni na wata uku, ta faɗi kuɗin. Na biya da canjin da yake aljihuna, har da ragowa. Ta ce, "Ka ga an huta, bade." Ta sa mini a leda mai hoton fure.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Saveta lafiya. Ta zauna a kujera yau, ta sa na buɗe ɗakin gaba ya sha iska. Livia ta turo kuɗi, ta ce mu sayi abin daɗi.

Ƙanƙara ta fara narkewa, babbar hanya duk taɓo. Kwana biyar ke nan ta bayan lambuna nake sauka coci, in bi gefen rafi in ɓullo ta maƙabarta. Ta fi nisa kaɗan, amma ba santsi, ta fi wa gwiwa. Saveta ta ce, "Hanyar da ba ta bi ta ƙofar Raveka ba." Na ce ban lura ba.

An ce itacenta ya kusa ƙarewa, kuma ba mai faskara mata. Na wasa gatari tun ran Alhamis. Yana nan jingine a zaure.